Jajayen Filtir Bakwai

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a bakin garejina, ya miƙo min waya har kusa da hanci, ya ce in kalla. Wani mutum ne a wata ƙasa mai sanyi, cikin gareji mai tsabta kamar ɗakin tiyata, yana kwance akwatin iskar motarsa yana ɗaura jan filtir mai kamar mazurari. Saurayin ya ce, "Baba Laminu, ka gani? Minti goma, kile biyu na kwance noti. Wannan ma har aiki ne?" Na ce masa bai yi ƙarya ba, ni a minti bakwai ma nake yi. Na ce amma ba zan ɗaura masa ba. Ya ja motarsa ya tafi, kuma na san garejin da ya nufa. Ku yaran gareji da kuka rage ku saurara, don ni ba na iya zama wuri ɗaya in maimaita magana sau biyu.

Daga Damagaram na zo Arlit, a bayan babbar mota, gemu bai ko tsiro min ba. Kawuna mai sayar da yadi shi ya kai ni wurin Agali, wani makanike mutumin Abzin da ke da gareji bayan tasha. Dogo ne, siriri, ko ƙarƙashin mota zai shiga ba ya cire rawani. A ma'aikatar ma'adini ya koyi aikin, ya bari saboda ba ya son a riƙa busa masa jiniya a gaya masa lokacin cin abinci. Hausarsa ta ƴan Abzin ce, komai a bakinsa namiji ne. Maganar farko da ya yi min ita ce, "Mota shi ma yana numfashi. Ka fara da hancinsa."

Wata takwas ban taɓa komai ba sai filtir. Manyan motocin wancan zamani suna da wata tukunya mai baƙin mai a ƙasanta, iska ta bi ta kan man, yashi ya maƙale. Aikina in sauke tukunyar, in kwashe taɓon da ke gindinta da cokali, in wanke ragar ƙarfen da ke cikinta da gazuwal, wato man dizal, in zuba sabon mai daidai layi, ba sama ba ƙasa. Sa'o'ina a wasu garejin har sun fara buɗe inji, ni ina nan da cokali. Da filtir na takarda ya yawaita sai aka sake min wani karatun. Ba a buga shi a jikin taya. Iskar kompresa daga ciki ake hura ta zuwa waje, kuma ba a manna bakin tiyo a jikin takardar. In an gama, sai a shiga lungu mai duhu a sa ƙwan fitila a cikinsa a juya a hankali. In haske ya leƙo ko da kamar tsinin allura ne, ya tashi daga aiki, ko da jiya aka saye shi.

Abin da ya fi damun Agali shi ne tiyon da ke bayan filtir, wanda ke kai iska cikin inji. Duk motar da ta bar hannunmu, sai ya shafa ɗan giris a cikin wannan tiyon. In ta dawo, kafin ya amsa gaisuwar mai ita, sai ya kwance kolye, zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyon, ya zura yatsa ya lakato. Wata rana ya lakato daga motar wani ɗan kasuwar Maraɗi, ya miƙo min yatsan. Na duba na ce lafiya lau. Ya ce, "Ido bai gani. Sa a haƙori." Na sa. Na ji ƙaras-ƙaras. Ya sa na kwance komai tun daga bakin iska har jikin inji, muka tarar da tsaga a roba wadda ba ta kai tsawon farce ba. Har gobe in na ce ku ɗanɗana giris kuna dariya. Ni ban yi dariya ba ranar.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa. Da gwiwoyinsa suka gaza, ya koma lambunsa a wani kori, wato busasshen rafi, can gaba da Gugaram, ya bar min garejin da kayan aiki. Bai yi wani jawabi ba. Ya nuna min inda ya ɓoye kile mai lamba goma da kowa ke sacewa, ya hau mota.

To ga turbo, wanda kuke ji kamar ku kuka ƙirƙiro shi. Farfela ce guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin inji yana juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Gudun juyinta ido ba ya binsa, fikafikanta kuma ba su fi reza kauri ba. Duk ƙwayar yashin da ta wuce filtir, a kan waɗannan fikafikan take fara sauka. Tana cin gefensu kaɗan kaɗan, har farfelar ta daina juyi daidai, ta fara kaɗa sandar. Abin da ya wuce nan kuma ya shiga silinda ya zama kamar takardar goge katako.

Akwatin dorijin, wanda motar ta fito da shi, baƙin roba ne mummuna, ba wanda zai ɗauke shi hoto. Amma ku duba inda yake shaƙo iska: daga gefen mota, waje da zafin inji. Yana murɗa iskar, yashi mai nauyi ya faɗo ƙasa ya fita ta wata ƴar roba mai kamar bakin agwagwa, sannan sauran ya haɗu da takarda. Yana ɗan shaƙe inji? Yana shaƙewa, ban musa ba. Shi kuwa jan filtir auduga ce da aka shafa wa mai, a buɗe ƙarƙashin kapo, wato murfin inji. Iska tana wucewa a sake, turbo ya yi fito, in ka ɗaga ƙafa ya yi atishawa. Da sanyin safiya a kan kwalta za ka ji motar ta ɗan ƙara kuzari, wannan gaskiya ne. Amma da tsakar ranar bazara, iskar da ke gasuwa a jikin inji ita yake sha, kuzarin ya gudu ya bar ka da fito kawai. Kuma ramukan da suka bar iska ta wuce a sake, ƙurar ƙasar nan ta fi su ƙanƙanta.

Kada ku ce ina ƙin duk abin da ba dorijin ba. Dogon bututun nan da ke hawa gefen gilashi har saman rufi, mai kwano a kansa, shi ma na kasuwa ne, kuma na ɗaura wa mutane da yawa da hannuna ina murna, don yana ɗebo iska sama da ƙurar taya. Kowane kaya da ƙasar da aka yi shi dominta. Na san wannan tun kafin a haifi wasunku. Sanin bai hana ni yin abin da na yi ba.

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan, aiki ya ɗauke kamar an kashe famfo. Ma'aikata suka ɗaure kayansu a kan motoci suka yi kudu. Masu kawo musu kaya suka daina zuwa. Motocin da nake gani duk wata shekara da shekaru, na wayi gari babu su. Sai in buɗe gareji da safe, in share, in jera kile, in sake jerawa. In je bakin titi in dawo. In kwance kompresa da ba abin da ya same ta in mayar. Waɗanda ke aiki tare da ni suka watse ɗaya bayan ɗaya, biyu suka tafi haƙar zinariya. A gida ana dafa abinci sau ɗaya.

Motocin da suka rage a gari masu motsi su ne na ƴan zinariya, kat-kat, motocin nan masu ja da taya huɗu, masu turbo da ke ɗaukar mutane da ruwa da buhuna zuwa arewa. Direbobinsu samari ne, jini na tafasa, kowa yana son in ya shigo tasha a juyo a kalle shi. A lokacin ne Isufu Ɗan Tawa mai sayar da kayan mota ya kawo jajayen filtir cike da kwali. Cikin sati biyu garin ya cika da fito.

Na farko da ya kawo min ya ce in ɗaura, na ƙi. Na biyu ma na ƙi, har na yi masa bayanin da na yi muku yanzu. Ya saurara da ladabi, ya tafi gaba aka ɗaura masa, kuma daga ranar canjin mai da birki ma can yake kaiwa. Isufu ya zo ya same ni ina zagaye garejin hannu a baya.

Ya ce, "Malam Laminu, mi ka hana ka? Wanga abu shi aka yayi. In ba ka ɗaura ba wani na ɗaurawa, kuma shi bai iya ɗaurin kolye kamar kai ba. Kai dai ka ɗaura musu da kyau, ka taimake su."

Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe, don ita ce mai daɗin riƙewa. Na ce wa kaina tunda za a ɗaura ko da ni ko babu ni, gara mai hannu ya ɗaura. Cikin wata biyu na ɗaura bakwai. Kowanne ya tambaye ni, "Malam, ba matsala ko?" Kowanne na ce masa, "Ka dai riƙa wankewa, ba komai." Akwatunan dorijin da na kwance na tara su a bayan gareji. Ko giris ban shafa a tiyon ko ɗaya ba, don ba na son abin da zan lakato.

Na huɗu a cikinsu Sidi ne, ɗan Agali. A garejin nan ya yi rarrafe, ni na koya masa tuƙi. Ya shigo da farar kat-kat da yake ja, filtir a leda, yana murmushi. Na ce, "Sidi, kai ma?" Ya ce, "Yaya Laminu, kowa ya sa. In na shigo tasha shiru kamar motar gawa, fasinja ba sa kallona." Na ce Maigida ya sani? Ya ce Baba yana can yana fama da tumatir, ina ruwansa. Na ɗauki kile.

Bayan wata uku, ranar wata Talata cikin tsakiyar bazara, wajen hantsi, wayata ta yi ƙara. Muryar Sidi tana yankewa, don dutse ya hau kafin ya sami rezo, wato sabis ɗin waya. Abin da na tsinta shi ne: fitsari ya riƙe wa Agali kwana biyu, mararsa ta kumbura, Sidi ya je ɗauko shi da mahaifiyarsa zuwa asibitin Arlit, mota ta mutu a hanya bayan sun baro Gugaram. Ya ce, "Yaya, ya daina magana sosai. Ruwanmu jarka ɗaya." Layin ya yanke.

Ina da wata tsohuwar kat-kat marar turbo wadda ba ta gudu amma ba ta tsayawa. Na jefa jarkoki uku na ruwa da sandar ja da katifa a baya. Kun san hanyar: tsakuwa, sai yashi, sai tsakuwa mai kaɗa haƙori. Na yi ta taka ta iyakar abin da za ta iya, allurar zafi tana hawa ina kallonta ina ci gaba. Sai bayan azahar na hango farin abu a cikin wani kori, da baƙin tabo a yashi bayansa.

Sidi ya taho da gudu, yana ba ni labari tun kafin in tsaya. Kwana da kwanaki motar tana shan mai tana ɗan hayaƙi, yana ƙara mai yana cewa sai ya huta zai kawo min. Da suka shiga yashin korin ya taka sosai don kada su kafe, sai ya ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Inji ya ɗauki gudu shi kaɗai. Sidi ya ɗaga ƙafa, gudun bai ragu ba. Ya kashe makulli, ya zare shi ma gaba ɗaya, inji sai ƙara kuka yake, farin hayaƙi ya rufe su har ba ya ganin kapo.

Ku da ba ku taɓa gani ba, ga abin da ke faruwa. In sandar turbo ta gama kaɗuwa, man inji sai ya ɓalle ya bi hanyar iska. Injin gazuwal kuwa ba ya tambayar me aka ba shi. Sai ya koma shan man jikinsa, makulli ba shi da iko da shi, ya yi ta gudu har ya fashe ko man ya ƙare. Sidi ya ce ya riga ya buɗe ƙofa zai jawo mahaifiyarsa su gudu, sai tsohon da ke kwance a baya, wanda tun safe nishi kawai yake, ya ɗaga murya: "Giya na biyar! Taka birki! Saki kuloci!" Ya yi hakan. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Na sami Agali kwance a inuwar wata aduwa, Inna Fatima matarsa tana riƙe da mayafi ta kare masa rana ta inda ganye bai rufe ba. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, hannunsa ɗaya a kan mara. Na durƙusa na gaishe shi, na ce wa Sidi ya kama ƙafafu mu sa shi a motata.

Agali ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tiyo."

Na ce, "Maigida, mu tafi tukuna, rana tana yi."

Ya ce, "Kawo tiyo."

Inna Fatima ta yi masa magana da Tamajak, yarensu, cikin faɗa, bai ko kalle ta ba. Na san shi. Da mu tsaya gardama gara in kawo. Na buɗe kapo. Jan filtir ɗin ya koma ruwan ƙasa. Na kwance kolyen da ni na ɗaure shi da kyau, na zare tiyon na kai masa. Ya zura yatsa a hankali ya fito da shi. Ba sai an kai haƙori ba. Yashi ne jiƙe da mai, kamar an kwaɓa za a yi shafe.

Ya ce, "Wa ya ɗaura?"

Sidi ya yi sauri ya ce, "Baba, ni na matsa masa, ni na sayo."

"Kai direba ne. Ban tambaye ka ba."

Na ce, "Ni ne, Maigida."

Ya dube ni, ba da daɗewa ba. Ya goge yatsan a yashi. Ya ce, "To. Ɗaga ni."

Muka bar farar motar a nan. Dawowar ta fi zuwan wuya, don yanzu kowane rami a jikinsa yake sauka. In na yi sauri ya yi nishi, in na rage Inna Fatima ta ce in yi sauri. Sidi yana baya ya tallafe kansa yana jiƙa masa rawani. Muka shiga Arlit rana ta yi ja. A asibiti suka sa masa roba suka zuƙe fitsarin, nan take numfashinsa ya daidaita. Likitan ya fito ya tambaye mu me ya sa muka daɗe haka. Ya ce awannin da aka ƙara sun taɓa ƙodarsa, sai an kai shi Agadas. 

Washegari da safe na koma da kunu. Yana zaune an jingina shi da filo, rawaninsa a naɗe daidai. Ya karɓi gaisuwa, ya tambayi iyali, ya sha kunun kaɗan. Sannan ya ce, "Nawa ka ɗaura?"

Na ce bakwai.

Ya ce, "Saura shida. Me kake yi a nan?"

Iyakar abin da ya taɓa faɗa min a kan maganar ke nan. Ya yi wata biyu a Agadas, ya koma lambunsa, ya ƙara shekara ɗaya da ɗoriya yana fama da ƙafafu masu kumburi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na sha zuwa gaishe shi. Tumatir da rijiya kawai muke tattaunawa.

Daga asibitin ban koma gida ba. Na je bayan gareji na tono akwatunan dorijin daga cikin tarkace, na wanke, na sayi sababbin filtir na takarda, na loda a mota, na rufe gareji. Biyu daga cikin shidan na same su a tasha ranar. Ban yi musu dogon bayani ba, na zare tiyo na sa yatsansu a ciki, su da kansu suka ce in cire. Na uku yana Akokan, a cikin layukan da rabin gidajen ba kowa. Turbonsa ya riga ya fara kaɗawa, muka sauke shi. Na huɗu an sayar da motar ga wani a Anu Araren, na bi ta har can, sabon mai ita bai ma san an canza wani abu ba, ya yi ta kallona kamar mahaukaci ina roƙon ya bar ni in yi masa aiki. Na biyar yana arewa. Kwana tara ina zuwa bakin shingen shiga gari safe da yamma har ya shigo. A tsakanin nan muka jawo motar Sidi, muka sauke inji. Fikafikan turbon sun zama kamar haƙoran tsohuwar akuya, silinda huɗu duk sun yi santsi kamar madubi. Sati uku muka yi a kanta ni da shi.

Isufu ya ji labari ya zo ya ce ina ɓata masa kasuwa. Na ce ban hana shi sayarwa ba, ya kai su inda ake da kwalta da ciyawa. Mun yi shekara ba ma gaisawa.

Na shidan shi ne Musa Dogo, kuma shi ya fi wuya. Babban direba ne a cikin ƴan arewa, mai baki, samari suna kwaikwayon har yadda yake ɗaura rawani. Sau biyu na aika masa, ya ce a gaya min motarsa lafiyarta ƙalau. Ranar da na ji ya shigo, na same shi a tasha da tsakar rana ana yi masa lodi. Mutum goma sha wani abu sun riga sun hau baya, sun zauna kan jarkoki sun rataye ƙafafu, kowa da sandar riƙewa a tsakanin cinyoyi. Tafiyar kwana biyu ce a gabansu, inda babu aduwa, babu dutsen hawa a nemi rezo.

Na sauke akwatin a gaban motarsa. Na ce, "Musa, ba ni minti ashirin."

Ya ce, "Malam Laminu, ka dame ni. Don motar Sidi ta mutu sai a ce ta kowa za ta mutu? Shi bai iya kula da mota ba ne."

Na ce ya bari in zare tiyo ya gani da idonsa. Ya ce ba mai taɓa masa mota an gama lodi. Mutane suka fara taruwa, masu shayi, masu ɗaurin kaya, direbobi, har da makanikai biyu na layinmu. Ganin taron ya sa ya ƙara ɗaga murya.

Ya ce, "Ku ji min mutumin nan! Ba kai ka ɗaura min da hannunka ba? Ban tambaye ka ba? Na ce Malam ba matsala, ka ce ba komai. Ko ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Na faɗa."

"To, da can ba ka san aikin ba ne, yanzu ka koyo?"

Hanya ce ya ba ni, da na so in bi. In ce kayan ne suka zo marasa kyau, ko in ce ban zaci zai kai haka ba. Kowa zai karɓa. Shekara talatin ana kawo min mota a garin nan saboda an ce in Laminu ya ce lafiya to lafiya ce.

Na ce, "Na sani tun ranar. Na san zai ci maka inji. Ba ni da aiki ne, na yi maka ƙarya."

 Wani dattijo a cikin fasinjan, mai buhu a cinya, ya dubi Musa, ya dube ni, ya fara sauko da ƙafarsa ƙasa. Na kusa da shi ma ya sauko. Musa ya tsaya yana juya makulli a yatsa.  Sai ya zagaya ya zura hannu ta taga ya ja wayar kapo, ta yi ɗas.

Ya ce, "Minti ashirin ka ce."

Ƙarfen ya yi zafin da sai da na naɗe hannu da tsumma. Na cire jan, na goge tiyon ciki da waje har tsumma ya fito fari, na duba farfelar: gefenta ya fara ci amma sandar ba ta kaɗawa, za ta kai shi ta dawo da shi. Na zaunar da akwatin, na bi kowane kolye sau biyu. Ba wanda ya tafi cikin waɗanda suka taru. Da na gama ya tayar, injin ya yi ƙararsa ta da, marar daɗi. Fasinja suka koma suka hau.

Wasu daga cikin waɗanda suka tsaya a wurin ba su sake kawo min mota ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Musa bai ce na gode ba, ni ma ban jira ba. Ya sa giya, ya leƙo ta taga ya ce, "In na dawo zan kawo ta ka duba turbon." Na ce ya zo da safe. Na tattara kile na koma na buɗe gareji.